Gonar inabin Bordo da gonar mahaifina

Na daɗe ina ɗari-ɗari da rubuta wannan labari, don na san akwai wanda da ya ga kalmar giya zai daina karantawa, ya ce wane ya lalace a Turai. Bari in fara da inda na tsaya: ni musulmi ne, giya haramun ce, kuma ban taɓa kai ta bakina ba. Sai dai na yi mako uku ina tsinkar inabin da ake yin ta da shi, a yankin Bordo na ƙasar Faransa, kuma a cikin mako ukun nan na fahimci wani abu game da noma wanda shekarun da na yi a aji ba su fahimtar da ni ba. Shi nake so in ba ku, tare da kuskuren da na yi a hanyar samo shi.

A shekarar 2017 ne. Na je Bordo ƙaro karatun ilimin ƙasar noma, kuɗin tallafin karatu suka makara, kuɗin haya kuma ba ya jira. Wani abokin karatuna ɗan Senegal ya ce mini ai watan Satumba lokacin girbin inabi ne, ana neman hannu ko'ina. Ana biyan mafi ƙarancin albashi na ƙasar, wanda a shekarar yake yuro 9.76 a awa kafin a cire haraji, wato jikka shida da ƴan kai na sefa. Na ce wa zuciyata ai inabi ɗan itace ne, halal ne, abin da wani zai yi da shi bayan na tsinka ba ruwana. Da wannan fatawar da na yanka wa kaina na shiga mota zuwa Medok.

Wanda bai san yankin ba, ga yadda yake. Bordo tana kudu maso yammacin Faransa, kusa da tekun Atlantika. Koguna biyu, Garon da Dordoñ, suna haɗuwa a arewacin birnin su zama wani makeken bakin ruwa mai suna Jirond, wanda ke zubawa cikin teku. Gonakin da ke yamma da ruwan su ake kira gaɓar hagu, nan ne Medok da Grav. Na gabas, wajen Sent-Emiliyon da Pomerol, su ne gaɓar dama. A lokacin da nake can gonakin inabin yankin sun haura hekta 100,000, kuma mafi yawansu na jan inabi ne. Ruwan sama yakan kai milimita 900 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu, sai dai ba shi da damina tasa ta musamman. Yana iya sauka ranar da inabi ke fure, yana iya sauka ana gobe girbi. Ruwan da mu muke roƙo, su shi suke tsoro.

Ranar farko, dattijuwar da ke shugabantar masu tsinka ta ba kowa almakashi da kwando, sannan ta kai mu wani kwari a ƙarshen gonar. Kurangu ne kore shar, amma da ƙyar ka ga nono ɗaya na inabi a jikinsu. Ta ce a ƙarshen watan Afrilu sanyi ya sauko da dare, ya ƙone sabon tohon ƙurmus. Wasu kurangun sun sake toho, amma ƴaƴan toho na biyu ba su nuna tare da na farko ba, don haka aka ɗaura musu ƙyalle, aka ce kada mu taɓa su. A wannan shekarar yankin baki ɗaya ya yi asarar wajen kashi 40 cikin 100 na amfanin da ya saba samu. Daga nan ta juya ta nuna mana wani ɗan tudu mai cike da tsakuwa, bai fi tafiyar minti biyar ba. Can kurangun sun yi nauyi da ƴaƴa. Ta ce: “Wancan ne zai biya ku albashi bana.”

Abin da ke kwarin sunansa Merlot, na kan tudun kuma Cabernet Sauvignon. A nan ne sirrin jar giyar Bordo yake: ba daga irin inabi ɗaya ake yin ta ba, gauraye ce. Merlot shi ne mafi yawa, wajen kashi biyu cikin uku na jan inabin yankin. Yana toho da wuri, yana nuna da wuri, yana son laka mai riƙe danshi. Saurin nan nasa shi ne amfaninsa, don ana kwashe shi kafin ruwan Oktoba, kuma shi ne rauninsa, don sanyin Afrilu yakan tarar da shi ya riga ya fito. Cabernet Sauvignon kuwa mai nawa ne. Yana makara wajen toho, yana makara wajen nuna, ƴaƴansa ƙanana ne masu kaurin fata, ba sa saurin ruɓewa. Yana son tsakuwa, saboda tsakuwa ba ta riƙe ruwa, kuma tana shan zafin rana da yini ta mayar wa kuranga da dare. In kaka ta yi sanyi, shi ne ba zai nuna ba. Sai Cabernet Franc, wanda ke tsakaninsu, ya fi yawa a gaɓar dama. Sai Petit Verdot, na ƙarshen nuna, wanda ake sa kaɗan kamar yadda ake barbaɗa yaji. Akwai kuma Malbec da Carmenère, waɗanda suka rage ƴan kaɗan. Shi Malbec, mummunan sanyin watan Fabrairu na 1956 ne ya kashe da yawansa, manoma suka maye gurbinsa da Merlot.

Tun da ban sha ba, wani zai ce ina na san halinta? Ɗanyen inabi dai ba wanda ya hana, kuma na ci shi har ya ishe ni. In ka tauna Merlot, zaƙi ne da laushi, fatar ba ta gardama, kamar ɗinya da ta nuna tuɓus. In ka tauna Cabernet Sauvignon, zaƙin na nan, amma fatar da ƙwayar suna bar maka bauri a dasashi, irin na ɗanyen goro ko na shayin farko da ya daɗe kan wuta. Sinadarin da ke kawo wannan baurin Faransawa na kiransa tanin, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jeme fata da ita. Yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa, haka tanin ke sa giyar ta yi shekara ashirin ko talatin a kwalba ba ta lalace ba. In Cabernet bai nuna sosai ba kuma, za ka ji warin ɗanyen tattasai a cikinsa, wannan ko ni da hancina na ji.

Sauran bayanin daga bakin mai kula da ɗakin ganguna na ji shi, wani tsoho da ya ga ina yawan tambaya kan ƙasa ya riƙa ja na da hira lokacin abincin rana. Ya ce Cabernet shi kaɗai ƙashi ne ba nama, Merlot shi kaɗai nama ne ba ƙashi. Giyar gaɓar hagu, inda Cabernet ya rinjaya, tana fitowa da tauri da bauri, da ƙamshin wani baƙin ɗan itace da suke kira kasis, da na katako, ba ta sakin jiki sai ta kwana biyu. Ta gaɓar dama, inda Merlot ya rinjaya, ta fi laushi da cika baki, kuma ba ta buƙatar dogon jira. Kowane iri, kowane yanki na gona, daban ake girbe shi, daban ake matse shi, daban ake ajiye shi. Sai bayan wasu watanni, cikin hunturu, mai gona da masanansa su zauna gaban kwalabe masu yawa, suna gwada kaso: wannan sittin, wancan talatin da biyar, wancan biyar. Abin da suka tsayar shi ne giyar shekarar. Ana zuba ta cikin gangunan katako masu cin lita 225, daidai kwalba 300, ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci fiye. Wasu gidajen har yau da farin ƙwai suke tace ta.

Na tambaye shi wane kaso ne daidai. Ya yi dariya, ya ce babu. Kason bara ba shi ne na bana ba, kuma bana, da Merlot ya ƙone, Cabernet zai yi yawan da bai taɓa yi ba a gidan. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ya ce masu kuɗi na birni suna zaton kakanninsu sun ƙirƙiro gaurayen ne don daɗin baki. Ba haka ba ne, tsoro ne ya kawo shi. Manomin da ke zaune bakin teku, wanda bai san ranar da sanyi ko ruwa zai sauko ba, ba ya dasa iri ɗaya. Yana dasa mai sauri da mai nawa, ɗaya a laka ɗaya a tsakuwa, don duk abin da shekara ta zo da shi wani ya tsira. Daɗin da ake yabo daga baya ya zo.

Ina jin haka sai gonar mahaifina ta faɗo mini. Gonar tana arewa da Maraɗi, jigawa ce da ɗan kwari a gefe ɗaya. Tun ina yaro, gero da wake yake shukawa a jigawar, dawa a kwarin, gyaɗa a wani ɓangare, yakuwa da riɗi a kan iyaka, kuma ba ya rabuwa da ƴan kunyoyin maiwa, wadda ke daɗewa ba ta nuna ba. Shekarar da na fara karatun aikin gona na dawo hutu da kaina a kumbure. Na ce masa wannan cakuɗen shi ke hana mu ci gaba, ya share gonar ya shuka ingantaccen gero iri ɗaya, layi-layi, ya ga yadda dami zai ninka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce: “Kai yaro, wanda ya shuka iri ɗaya ya ɗauki alkawari da damina ne, ita kuwa ba ta alkawari da kowa.” A lokacin na ɗauke ta maganar tsofaffi. Sai ga ni a ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafi tsada a duniya, wani Bature mai furfura yana maimaita mini ita da Faransanci.

Ban ce abu ɗaya ne sak ba. Mahaifina a fili ɗaya yake cakuɗa irinsa, su kuwa kowane iri da filinsa, sai a ganga ake haɗawa. Shi abinci yake nema, su kasuwa. Kuma ban ce ingantaccen iri ba shi da amfani ba: gero mai saurin nuna irin HKP ya ceci gidaje da yawa a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, mahaifina ma yanzu yana shuka shi. Sai dai bai jefar da maiwarsa ba, ya ƙara sabon ne cikin tsofaffin. Tunanin ɗaya ne: mai sauri da mai nawa, tudu da kwari, kada shekara guda ta tashi gida.

To me ya sa dabarar tasu ta zama abin alfahari da ake koyarwa a jami'a, tamu kuma ta zama alamar ci baya? Na yi ta juya wannan tambaya, kuma amsar da na samu tana cikin tarihin yankin. Bordo ta samu kasuwa tun da wuri. A 1152 Aliyeno, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Henri wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu, yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Ingila har 1453. Shekara ɗari uku jiragen ruwa na jigilar giya zuwa Landan. A ƙarni na 17 ƙwararru daga Holan suka janye ruwan fadamun Medok, tudun tsakuwar nan suka fito fili. Kuma kada mu manta, arzikin birnin ba na inabi kaɗai ba ne. Bordo na cikin manyan tasoshin Faransa da suka yi cinikin bayi da kayan da bayi suka noma, kuma wani ɓangare na dukiyar da ta gina kyawawan gidajen bakin kogin daga nan ya fito. Duk lokacin da na bi ta gabansu sai na tuna.

Bayan kasuwa sai rubutu. A 1855, don baje kolin duniya na Paris, sarki Napoleon na uku ya sa aka jera manyan gidajen giyar yankin. Dillalai suka raba jar giyar aji biyar bisa farashin da kowace ta saba yi. A ajin farko aka sa Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, kuma tun daga lokacin babban canjin da aka yi shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko a 1973. A 1935 Faransa ta kafa dokar kare sunan asali, wadda ta fayyace iyakar kowane yanki, da irin da aka yarda a dasa, da yawan amfanin da hekta za ta bayar. Ba ka isa ka noma inabi a wani wuri ka rubuta Pomerol a kwalba ba. Gidan da na yi wa aiki, ƙarami ne, amma suna da littattafan da ke nuna ranar fara girbi da kason gauraye na shekaru masu yawa. Ko da annoba ta zo, rubutu da bincike suka tare ta. Ƙwaron filoksera da ya cinye saiwar kurangun Turai a ƙarshen ƙarni na 19, da aure aka yi maganinsa: aka ɗora irin Faransa kan saiwar inabin Amurka. Maganin feshin nan na tagulla da farar ƙasa da ake kira bouillie bordelaise, wanda wasu masu garka a wajenmu suka sani, wani malamin jami'ar Bordo mai suna Millardet ne ya fito da shi a 1885.

Mu kuwa ilimin yana cikin kan tsofaffi. Mahaifina ya san wace kusurwar gonarsa ke riƙe danshi, ya san wane irin wake ke jure inuwar gero, amma ko layi ɗaya ba a rubuce yake ba, kuma ni da aka kai makaranta don in rubuta, raina shi na fara yi. Muna da kayan da ƙasarsu ta ba su hali na musamman kamar yadda tsakuwar Medok ta ba Cabernet. Albasar Galmi ba ta da na biyu a Afirka ta Yamma, kuma ita da kilishin Nijar sun samu rajistar sunan asali a hukumar OAPI. Abu ne mai kyau. Amma takardar rajista somin-taɓi ce. Abin da ya riƙe sunan Bordo shi ne manoman da suka yarda a bincike su, a hana su sayar da marar kyau da sunan yankin.

Kada kuma a ɗauka can aljanna ce. Manyan gidajen da kwalbarsu ɗaya ke kai albashin wata na ma'aikaci a wajenmu ƴan tsiraru ne. Dubban ƙananan manoma na sayar da tasu da ƙyar, don Faransawa sun rage shan jar giya, kasuwar Sin da suka dogara da ita kuma ta ja baya. A 2023 aka fito da shirin biyan manomi yuro 6,000 a kowace hekta, kusan miliyan huɗu na sefa, don ya tumɓuke kurangunsa. Zafi ma na ƙaruwa, Merlot mai sauri ya fara yin saurin da ya wuce kima, sukari na yi masa yawa. Me suka yi? A 2021 hukuma ta amince a gwada sababbin iri huɗu na jan inabi masu jure zafi, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal da Marselan, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona, ko kashi 10 na gauraye. Wato da yanayi ya canza, ba su koma iri ɗaya ba, ƙara wani suka yi cikin tsofaffin, kaɗan-kaɗan, suna kallo. Daidai abin da mahaifina ya yi da HKP.

Saura batun fatawar da na yanka wa kaina. A mako na uku aka ɗauke ni daga tsinka aka mayar da ni ɗaukar kaya, ina juye kwanduna a bakin injin da ke ɓare inabi. Nan na ga ƙarshen hanyar da idona, ƙamshin tsami ya fara tashi daga manyan tankuna, hujjar nan ta cewa ɗan itace kawai nake tsinka ta daina zama mini. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar Juma'a na tambayi wani malami bayan salla. Bai yi mini faɗa ba, amma bai sassauta ba. Ya ce hanin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukarta, kuma wanda ya san tabbas inda inabin za shi ba zai fake da rashin sani ba. Ya ce in tuba, in nemi wani aiki. Na bari, na koma wankin kwanoni a wani gidan abinci, kuma ban sake komawa girbin ba. Duk ɗalibin da ya tambaye ni yau, ina gaya masa ya nemi girbin tuffa ko wani abu daban. Ilimin da na samo bai wanke hanyar da na bi ba, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka izini ne.

Sai da na dawo gida da shekara guda na iya gaya wa mahaifina. Muna zaune a gindin gawon da ke tsakiyar gona, bayan an gama noman farko. Na ba shi labarin duka, har da sanyin Afrilu da tudun tsakuwa da maganar tsohon nan. Ya yi shiru har na fara da-na-sanin buɗe baki. Can ya ce: “Ka sha?” Na ce wallahi Baba ban sha ba. Ya ce: “Ka tuba?” Na ce na tuba. Ya gyaɗa kai, ya ɗebi ƙasa a hannu yana murzawa, sannan ya ce: “To shi mai nawar nan da ka ce, da suke dasawa a kan tsakuwa, kwana nawa yake ƙara wa mai saurin?” Na ce kamar mako biyu. Ya ce: “Kaɗan ne. Maiwa ta fi shi haƙuri.”

Daga wannan daminar na sayi littafi mai kauri, na fara rubuta abin da yake faɗa: ranar shuka, ranar da ruwa ya ɗauke, wane iri ya yi, wane ya ƙi, a wace kusurwa. Yanzu muna cikin littafi na biyu. Wanda duk yake da tsoho mai noma a gida, ina roƙonsa ya yi haka tun tsohon na da rai. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya ba mu damina mai albarka.